Maigida, Awon Ciki Ba Na Matarka Ba Ne Ita Kaɗai

Wannan karon da maigida nake magana, wato kai da kake kawo iyalinka awo ka sauke ta a bakin ƙofa, ka koma gindin bishiya kusa da babur ɗinka kana jiran ta fito. Idan kuma ke ce 'yar'uwa takardar nan ta shigo hannunki, don Allah ki ninke ta ki kai masa gida, ku karanta tare bayan yara sun yi barci.

Malam, akwai cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwar aure, waɗanda uwa ke sa wa ɗanta tun yana ciki, ko lokacin da yake fitowa, ko kuma ta nono. Manyan cikinsu guda uku ne: tunjere, da ƙanjamau, da ciwon hanta rukunin B. Duka ukun ana gane su da ɗan jinin da ake ɗiba a yatsa ko a hannu, kuma duka ukun ana iya tare su kafin su isa ga jariri. Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, shi ne: muddin mace kaɗai ake aunawa ana yi wa magani, mijinta yana waje, to rabin aiki muke yi. Sau da yawa ma rabin nan yakan lalace kafin ta haihu.

Bari in fara da tunjere, domin shi ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi sauƙin magani.

A ƙauyukan Funtua da Bakori da Danja da Kafur har zuwa Malumfashi, idan mace ta yi ɓari sau biyu ko uku, ko tana haihuwar 'ya'ya ba rai, ko suna rasuwa kafin a yi suna, sai a ce wabi take yi. Daga nan sai a shiga neman taimako: rubutu, hayaƙi, laya, a canza mata ɗaki, a kai ta gidan iyayenta. Wasu a ce iska ce ta aure ta, wasu a ɗora wa wata tsohuwa a unguwa. Ba na musun cewa rai da mutuwa na hannun Allah. Amma yawancin abin da muke kira wabi yana da sababin da ake iya gani a asibiti. Wani zazzaɓin cizon sauro ne, wani hawan jini ne, wani ciwon sukari, wani sikila, wani kuma rashin jituwar jinin uwa da na ɗa. A cikin jerin nan akwai tunjere, kuma a duniya baki ɗaya, in ka cire zazzaɓin cizon sauro, babu wata ƙwayar cuta da ta kai shi kashe 'ya'ya a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai an sami kimanin ciki 700,000 da tunjeren uwa ya kai ga ɗa. Daga ciki kimanin 150,000 sun zube ko an haife su ba rai, wasu kimanin 70,000 kuma sun rasu suna jarirai.

Abin da ya sa cutar ke yaudarar mutane shi ne yadda take ɓuya. Farkonta wani ɗan gyambo ne a al'aura, marar zafi, wanda yake warkewa da kansa cikin mako uku zuwa shida ko da ba a sa masa komai ba. A wajen mace yakan fito can ciki inda ba za ta gan shi ba. Bayan wasu makonni sai ƙuraje marasa ƙaiƙayi su feso, har a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su baje. Daga nan mutum sai ya ɗauka ya warke. Ƙwayar kuwa tana nan cikin jini, tana iya yin shekaru shiru, mutum yana noma yana cin kasuwa lafiya lau. Da mace ta sami ciki sai ta bi ta mabiyiya ta shiga jikin ɗan. Fiye da rabin matan da ke da tunjere mai ƙarfi ba a yi musu magani ba, cikinsu ba ya ƙarewa lafiya: ko ya zube, ko a haifi gawa, ko bakwaini, ko a haifi ɗa mai ciwo. Irin wannan jariri za ka ga hancinsa na yoyon majina ba ƙaƙƙautawa, fatar tafin hannu da ƙafa tana saɓulewa, ciki ya kumbura saboda hanta da saifa, ga shawara, ga ƙarancin jini, in an taɓa hannunsa ya tsala kuka don ƙashi na ciwo. Wani kuma a haife shi sumul, sai ya girma a ga kurumta ko ciwon ido ko karan hanci ya lotse.

To mene ne maganin duk wannan? Allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki, wadda muke kira benzatin. Idan kamuwar sabuwa ce, sau ɗaya ake yi. Idan ta daɗe, ko ba a san tsawon lokacinta ba, sai a yi sau uku, mako-mako, kuma in aka tsallake likita na iya cewa a faro daga farko. Ana so a yi ta tun cikin yana ƙarami, kuma lallai kada ya gaza kwana 30 kafin haihuwa. Wasu sukan ji zazzaɓi da ciwon jiki a ranar da aka yi allurar. Mai ciki in ta ji haka, ko mararta ta fara murɗawa, ko motsin ɗa ya ragu, ta dawo a duba ta. Wanda kuma fenisilin ya taɓa yi masa illa ya faɗa kafin a tsira masa. Kafson nan ja da rawaya da ake saye a kemis ko a tiren masu talla ranar kasuwa ba ya maye gurbin wannan allura, kuma ba a ba mai ciki shi sam, domin yana taɓa ƙashi da haƙoran ɗan.

Ga inda ka shigo, maigida. An yi wa matarka allura yau, jininta ya fara tsarkaka. Ta koma gida, kai ba a taɓa ka ba. In ƙwayar tana da ƙarfi a jikinka, za ka iya mayar mata da ita kafin ta haihu, domin warkewa daga tunjere ba ya hana sake kamuwa. Kuɗin mota da kuɗin allura da zafin da ta sha duk sun tafi a banza, ɗan kuma ya koma cikin haɗari. In kana da mata biyu ko uku, lissafin ya ƙara faɗi: abin da ke jikin uwargida zai iya biyowa ta kanka ya isa ɗakin amarya, ya kewayo. Shi ya sa muke cewa gida ake yi wa magani, ba mutum ɗaya ba. A auna kowa, a yi wa wanda ya kamata magani a lokaci guda, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa har kwana bakwai bayan an gama, ko yadda likita ya ce. Haka abin yake ga ciwon sanyi.

Na san abin da ke ranka, domin na sha jin sa a ɗakin awo. Kana cewa: in na yarda aka auna ni, ai kamar na amsa laifi ne. Ko kuma, wanda ya fi muni: in aka samu a jininta, daga ina ta samo?

Wannan tambaya ta biyu ta kashe aure da yawa ba bisa haƙƙi ba, kuma ita ce ke sa mata su karɓi sakamako su ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ka saurara da kyau. Awon jini ba ya faɗin ranar da cuta ta shiga, ba ya faɗin wanda ya kawo ta. Awon tunjere na gaggawa yakan ci gaba da nuna alama har ƙarshen rayuwa, ko da mutum ya warke shekara goma da ta wuce. A ƙasar nan tamu aure yana mutuwa ana sake wani, mace ta yi takaba ta yi sabon aure, namiji ya rabu da wannan ya auri waccan. Mace tana iya ɗauka daga mijinta na fari, wanda shi ma ya ɗauka daga matarsa ta fari, duka ta hanyar halal, ba wanda ya sani. Yarinyar da aka kai ɗakinka tana budurwa tana iya kamuwa daga gare ka, kai kuma daga matar da ka saki tun kafin a san za ka aure ta. Ciwon hanta kuwa, akasarin masu ɗauke da shi a ƙasashenmu tun suna yara suka same shi, wajen haihuwa ko ta cuɗanya da askar da aka yi wa wani amfani da ita. Har ila yau ba kowane farin ruwa ko ƙaiƙayi ne ciwon saduwa ba. Mai ciki takan yi ƙaiƙayin da ba ruwansa da miji. Saboda haka zargi ba shi da gurbi a nan, ko daga ɓangarenka ko daga nata.

Amma kuma kada mu rufe ido mu ce babu wata hanya. Funtua mahaɗa ce: hanyar Zariya, hanyar Gusau da Sakkwato, hanyar Birnin Gwari, da wadda ta nufi Malumfashi. Manyan motoci na kwana suna lodin masara da waken suya da auduga zuwa kudu. Da an gama kaka matasa da magidanta sun tafi cin rani Kaduna, Abuja, Legas, Fatakwal, sai damina ta kawo kai su dawo. Ba na ce duk wanda ya fita ya yi ɓarna ba, Allah ya kiyaye. Na ce dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya san ya taɓa yin fitsari mai zafi da mugunya, ya sayi ƙwaya biyu a kemis abin ya lafa, to ya sani lafawa daban, warkewa daban. Ba sai ya yi wa kowa bayani ba. Ya zo a auna shi kawai. Ba ma tambayar inda mutum ya kwana.

Lokacin kaka kuma shi ne lokacin aure. An sayar da amfanin gona, kuɗi ya shigo, sai ƙarin aure. A shekarar 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta awon jini kafin ɗaurin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Ina goyon bayan irin wannan awo ɗari bisa ɗari. Sai dai awon ranar aure na wannan ranar ne. Ba ya tsaya wa cikin da za a samu shekara uku ko bakwai masu zuwa. Kowane ciki da nasa awon.

Game da ƙanjamau ba zan tsawaita ba, don an daɗe ana bayaninsa a rediyo. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi ƙaranci. Alhamdu lillahi. Amma ƙarancin nan yakan sa sake, a ce ai ciwon 'yan birni ne. Ga uwar da ke ɗauke da ita, lissafin jiha ba ya amfana mata komai. Idan ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 za su ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Idan uwa tana shan maganinta kullum ba fashi, aka kuma ba jariri nasa na ruwa a makonnin farko, adadin yakan sauko ƙasa da 5 cikin 100. Ana auna jaririn yana da kimanin mako shida, a sake aunawa bayan yaye. Nono zalla ake so har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba madarar shanu, domin gauraya nono da wani abu a watannin farko yana ƙara haɗarin. Yanzu ka faɗa mini, Malam: macen da ke ɓoye kwalbar magani a cikin buhun gari don kada ka gani, yaya za ta sha kullum a kan lokaci? Kuma wa zai hana kakar yaro ɗura masa ruwa in ba kai ba?

Ciwon hanta rukunin B shi ne ya fi yawa a cikinmu nesa ba kusa ba. Wancan bincike na 2018 ya samu kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Babba in ya kamu, galibi jikinsa yakan kore shi. Jariri kuwa in ya ɗauka wajen haihuwa, tara cikin goma za su zauna da shi har girma, kuma daga cikinsu ne ake samun magidancin da cikinsa zai kumbura yana da shekara talatin da 'yan kai, hanta ta ƙandare ko ta yi daji, a ce sammu aka yi masa. Rigakafinsa yana cikin alluran yara na ƙasar nan tun 2004, kuma kyauta ne. Sharaɗinsa guda: allurar farko a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran su biyo baya a mako 6 da 10 da 14. Uwar da aka ga ƙwayar ta yi yawa a jininta akan ba ta magani a watannin ƙarshe na ciki.

Awa 24 ɗin nan ita ce matsalarmu. Binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna cewa a arewa maso yamma ko mace ɗaya cikin biyar ba ta kai ba wajen haihuwa a asibiti. Sauran a ɗaki suke haihuwa, kuma al'ada ta ce mai jego da jariri ba sa fita sai an yi suna. Kafin ranar suna lokacin da allurar ta fi amfani ya wuce. Ni na fi son a haihu a asibiti, kuma ba zan fasa faɗa ba. Amma in haihuwa ta zo a gida, mai jego ta zauna ta huta, kai ka ɗauki jaririn da ƙanwarka ko ungozoma a bayan babur, a lulluɓe shi da kyau, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Wannan aikin namiji ne, ba wanda zai yi maka shi. Ranar suna kuma in wanzami ya zo aski, ka saya masa sabuwar reza ka tsaya a buɗe ta a gabanka. Cire beli da tsaga kuwa, shawarata a bar su gaba ɗaya.

In kun je, a sa wa jaririn maganin ido. Ciwon sanyin da ke jikin uwa, wanda sau da yawa ba ta ma san tana da shi ba, yana shiga idon ɗa lokacin da yake fitowa. Kwana biyu zuwa biyar sai ido ya kumbura ya rufe, mugunya na zuba. Wani nau'in yakan jinkirta har mako biyu. Mai tsananin yana iya huda ƙwayar ido cikin 'yan kwanaki, yaro ya makance har abada. Ba a matsa nono a irin wannan ido, ba a sa kwalli, ba a jira a ga abin da gobe za ta yi. Allura yake buƙata a ranar, sannan uwa da uba su ma a yi musu magani. Haka kuma mai cikin da ke fitar da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gabanta, masu zuwa suna komawa, ta faɗa tun wajen awo, domin in suna nan ranar naƙuda likita na iya zaɓar yin aiki don kada ɗan ya bi ta kansu.

Akwai uzurorin da na yarda da su. Da damina ranar noma ɗaya ba abin wasa ba ce. Taki ya yi tsada, kuɗin mota ya yi tsada. 'Yan'uwanmu na Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara sun sha fama da rashin tsaro, akwai hanyoyin da ba a bi da dare ko da naƙuda ta tsananta. Duk gaskiya ne. Amma wannan dalili ne na a zo da wuri, da rana tsaka, tun ciki bai wuce wata uku ba, a gama abin da za a gama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mata da yawa sai ciki ya kai wata shida ko bakwai suke fara awo, masu cikin fari saboda kunya, manya kuma saboda sun saba. A wata na bakwai tunjere ya riga ya yi watanni yana aiki a jikin ɗan. Kuma zuwan da nake roƙonka sau ɗaya ne. Akwai abin awo guda da ke duba ƙanjamau da tunjere tare daga ɗigon jini ɗaya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara awon masu ciki da shi tun 2019. Minti ashirin an gama. Bai kai lokacin da kake ɓatawa wajen cinikin buhu ɗaya a kasuwa ba.

Hukumomi su ma da nasu. Bai dace a ce wa mace tana da tunjere sannan a ce babu allura ba, ko a rubuta mata ta je ta nema a gari. Ya kamata kayan awo da benzatin da rigakafin hanta su kasance a ƙananan asibitocin ƙauye, ba sai an je babban asibitin Funtua ko na Malumfashi ko an wuce Shika ba. Ya kamata a ware wa maza lokaci da wurin zama, domin magidanci ba zai kutsa cikin mata ɗari a layin awo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sirri kuma amana ne: sakamakon mutum ba abin faɗa da ƙarfi a baranda ba ne, kuma tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana tsangwamar mai ɗauke da ƙanjamau. Ƙasar Kuba ta sami shaidar kawar da yaɗuwar ƙanjamau da tunjere daga uwa zuwa ɗa a 2015, ita ce ta farko a duniya, kuma da waɗannan kayan aikin ne dai da na lissafa.

Ke kuma 'yar'uwa, ranar awonki na gaba ki buɗe katinki ki tambayi malamar da ke duba ki: an auna mini tunjere? An auna ƙanjamau? An auna ciwon hanta? In akwai wanda ba a yi ba, ki nemi a yi, ko a faɗa miki inda ake yi. Idan sakamakon ya zo da wani abu kuma kina tsoron yadda za ki faɗa a gida, kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Ki gaya mana. Mukan ba da takardar gayyata mu ce ana son ganin maigida game da lafiyar cikin, in ya zo mu zaunar da ku a ɗaki mu rufe ƙofa, a auna shi, mu yi bayanin da bakinmu. Ki zo da tsohon katin haihuwar da ta gabata in yana nan, musamman in an taɓa yin ɓari ko an rasa ɗa.